Wurin da Torika Ba Ta Nuna wa Kowa Ba

Torika matata ce. Shekara arba'in da shida muka yi tare a Tavusara, garinmu na kan tsibiri, a gidan nan da nake zaune har yanzu, kuma ban tuna ranar da teku ta janye sosai ta zauna a gida ba, sai dai in haihuwa ta yi ko an yi rasuwa a gari. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, tafin ƙafarta ya yi kanta saboda taka duwatsun murjani na cikin teku. Ba ta da yawan magana. Ni ma haka, har mutane na cewa kajin gidanmu sun fi mu hira.

Sana'arta lumi. Kowace mace a garinmu tana tsinkar lumi, jar ciyawar tekun nan mai sirara kamar gemun masara, a ci a gida, sauran a kai kasuwar Nausori ranar Juma'a. Amma in an ce lumin Torika, kowa ya san abin da ake nufi. Nata ya fi kauri, ya fi duhu. In ta dafa shi da madarar kwakwa ta bar shi ya huce, sai ya kame, a yanka da wuƙa a ɗora kan gwaza. Ba ta tumɓuke shi. Da farce take tsinkewa, ta bar tsawon gaɓar yatsa a jikin dutsen, don in wata ya zagayo ta tarar ya sake fitowa.

Matan gari a Fili suke tsinka, wato shimfiɗar ruwa marar zurfi da ke gaban gari. Sai dai duk macen da ta san kanta tana da wuri nata daban, wanda uwarta ta nuna mata, ita ma ba za ta nuna wa kowa ba sai 'yarta, in ba ta haifi mace ba sai matar ɗanta, shi ma sai ta ga ƙarfinta ya fara tafiya. Miji ba ya tambaya. Na yawancinsu wani lungu ne a cikin Filin, in ka sa ido za ka gane. Na Torika ne kaɗai ke nesa. Takan shiga ɗan kwalekwalenta ta kewaya bayan kurmin gaɓa, daga nan ba wanda ya san inda take nufa. Sau ɗaya tak ta taɓa ce mini wani abu game da shi.

"Baban Waisake, duwatsun wurin nan nawa kamar da zarto aka yanka su. Kowanne da kusurwarsa."

Na ce to. Koma nake ɗinki, hankalina yana kan ramin da kifi ya yi mata.

Kafin mu yi aure na yi shekara tara ina tuƙa jirgin ruwa a wani kamfani mai sayen busasshiyar kwakwa. Sun kafa fitila kan dogon ƙarfe can bayan tsibiri, bakin mashigar jirage, tun ina ƙarami. Duk bayan wata uku mutanensu kan zo da sababbin batura, manya, sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya, ni ne mai kai su. Tsofaffin kuwa a gindin ƙarfen muke tura su ruwa. Wa zai sake ɗaukar wannan nauyi ya koma da shi? Haka na tarar ana yi. Wani lokaci nakan roƙi ɗaya in fasa, in narka dalmar da ke ciki in yi wa koma nauyi. Da irin wannan dalmar na fara shiga gidan su Torika, na kai wa mahaifinta cike da ƙoƙon kwakwa, ya auna ta a hannu ya ce in zauna in sha shayi. Daga baya kamfanin ya mutu, guguwar shekarar da aka haifi ɗanmu Waisake ta karya ƙarfen, aka manta da shi.

Abokiyar Torika ɗaya ce, Unaisi, 'yar kawunta, taubashiyarta. Doguwa ce mai jiki, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya da jikoki uku, da lumi take riƙe su. Shekara talatin tana bin Torika a kan wurin nan.

"Ke gajeruwa, wata rana sai na ɗaura miki zare a bakin zane na bi ki."

"Fara rage wannan jikin tukuna. Kwalekwalen zai nutse tun yana kan yashi."

"Ki mutu da shi, kin ji? Sai mu ga ko a lahira ana cin lumi."

Ba mu haifi mace ba. Da Waisake ya auro Mereoni ta sami ciki, Torika ba ta bar rana ɗaya ta wuce ba tare da ta kai mata kwano ba. Ta ce yana ƙara jini, haka uwarta ta yi mata. Wata tara cur, kuma daga wurinta take tsinkowa, ba ta yarda a ba yarinyar na Fili ba. Aka haifi Sera lafiya, Torika ta ce kun gani.

Sera na da shekara biyu wata yarinya ta zo daga jami'a, sunanta Anjila. Ta kawo wa mai gari saiwar yangona, wadda muke dakawa mu jiƙa a sha a taro, gaisuwar baƙo yadda ya kamata, aka tafa, aka karɓe ta, aka sauke ta a gidanmu domin muna da ɗaki. Aikinta shi ne ta ɗebi lumi daga inda matan gari ke tsinka, ta kai birni a auna abin da ke ciki. Ranar farko Torika ta dafa mata nata, Unaisi ta zo ganin baƙuwa ta zauna ita ma. Anjila ta ci, ta ƙara, tana ci tana bayani.

"Inna, abin da ke cikin ciyawar nan ba kowane maganin kanti ke da shi ba. Akwai abin da ke ƙara jini, akwai mai hana maƙoƙo, akwai kuma wasu da ke hana jiki lalacewa daga ciki, kamar yadda mai ke hana adda tsatsa."

Unaisi ta ce, "To ni da na yi shekara sittin ina ci, me ya sa gwiwata ta yi tsatsa?"

Torika ta ce, "Ke ai tsohuwar adda ce, ba man da zai tashe ki."

Anjila ta yi dariya har ta ƙware. Da ta sha ruwa ta ce, "Sai dai fa ba ta zaɓe, Inna. Duk abin da ke cikin ruwa, mai kyau da marar kyau, zuƙewa take ta ajiye a jikinta. Shi ya sa muke aunawa."

Ba wanda ya tsaya kan wannan maganar. Ruwanmu ana ganin yashin ƙasa ta cikinsa.

Kwana uku ta yi tana bin mata cikin Fili, takalminta na roba yana maƙalewa a laka suna yi mata tsiya. Da hannunta ta tsinka, ta zuba a ledoji goma sha biyu, ta rubuta lamba a kan kowace, ta jera a cikin kula da ƙanƙara. An yi ruwan sama mai yawa a makon da ya gabata, kuma in an yi haka lumin Fili yakan koɗe, ya yi sirara, yashi ya shiga shi.

Da safen da za ta tafi, ta je gidan mai gari yin sallama. Kular tana kicin ɗinmu. Na shigo na tarar Torika ta buɗe, ta ɗaga leda ɗaya tana dubawa a haske.

Ta ce, "Dubi abin da za a kai birni da sunan garinmu."

Na ce, "Ai na Fili ta ce tana so."

"Baƙuwa ce, me ta sani? Yarinya ta kwana uku a gidana, tana ce mini Inna, in sallame ta da wannan tarkacen? Can a buɗe a ce haka matan Tavusara ke ci?"

Akwai wanda ta tsinko daga wurinta jiya da yamma, yana cikin kwando an lulluɓe shi da ganyen ayaba. Ta ce, "Riƙe mini bakin ledar." Na riƙe. Ɗaya bayan ɗaya ta juye na Anjila a bokiti, ta cika da nata, ta ɗaure yadda ta tarar. Ba ta gaya wa yarinyar ba, domin ta ga duk abin da aka ba ta sai ta tambayi daga ina, ta rubuta a littafi. A garinmu ba a ba baƙo abin gama-gari in akwai wanda ya fi shi a gidan, kuma ba a yi masa gori da shi. Ni kaina a ranar ban ga laifin abin ba. Na ɗauki kular na kai har jirgi.

Bayan wata biyu takarda ta zo. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci mai gari ya tara mu a zauren gari, malamin makaranta ya karanta. Farkonta yabo ne, duk abubuwan nan da Anjila ta faɗa an same su, har da ƙari. Mata suka fara guɗa. Sai malamin ya ɗaga hannu ya ci gaba. An sami dalma a cikin ledojin duka goma sha biyu, ta ninka abin da jikin mutum zai iya ɗauka sau da yawa. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, wanki ba ya fitar da ita, dahuwa ba ta kashe ta. Taruwa take a jiki a hankali, kuma ta fi cutar da mai ciki da ƙaramin yaro. Ana roƙon mutanen Tavusara su daina ci, su daina sayarwa, har a sake zuwa a gano daga ina take. Ba a sa rana ba. An ce aikin wannan shekarar ya ƙare, sai an sake samun izini.

Torika na zaune cikin mata. Ban ga ta motsa ba. Da aka watse muka taho gida, tana gaba ina baya, ta hura wuta ta dafa rogo. Bayan mun ci ta ɗauki ragowar lumin da ta shanya a kan rufin kicin, ta haƙa rami a bayan gida ta binne.

Na ce, "Uwar Waisake, sai a faɗa musu."

Ta ce, "A faɗa musu me?"

"Cewa ba na Fili ba ne."

Ta daɗe tana kallon gidan Waisake. Sera na wasa a bakin ƙofa da murfin tukunya. Ta ce, "In tsaya gaban Mereoni in ce mata abin da na yi wata tara ina ɗura mata ke nan? Kai za ka faɗa?"

Ban faɗa ba. Na ce a raina in bar ta ta huce, za ta faɗa da bakinta. Jira na iya, sai na yi ta jira.

Kafin Juma'a biyu labari ya kai Nausori. 'Yan sari suka daina karɓar komai daga hannun matanmu, har kifi sai an yi rantsuwa ba daga Fili ya fito ba. Mata suka koma haƙar ƙaguwa a lakar kurmi, aikin da sai mai ƙarfi, su wuni a sunkuye sauro na cin su. Filin kuwa ya cika da lumi har ya yi duhu, ana kallonsa daga bakin gaɓa. Da aka rasa wanda za a kama, sai aka kama maza, aka ce dalmar komarmu ce, mai gari ya hana mu jefa koma a gaban gari. Wasu suka ce man injin jirage ne. Wasu suka ce mutanen tsibirin da ke kusa ne suka yi mana asiri don su ƙwace kasuwa, har aka daina gaisawa da su. Yawanci dai Anjila ake zagi.

Unaisi takan zo da yamma, ƙafafunta duk laka, ta zube a tabarmarmu.

"'Yar birnin nan taki, gajeruwa. Ta ci namu har tana ƙwarewa, ta tafi ta rubuta mana wannan. Wallahi in ta sake tako garin nan, da takalmin robar nan zan raka ta."

Torika sai ta miƙa mata shayi. Ta daina rama tsiya. Ta daina shiga kwalekwale, ya zauna a kife har ciyawa ta fito ta gefensa. Abinci tana dafawa, coci tana zuwa, wanki tana yi, amma kamar wani ne ya aiko ta. In na yi mata magana sai ta ce "uhm" bayan na riga na manta abin da na ce. Haka muka yi wata biyar.

Wata Talata da hantsi ina gyaran danga, na ga mata sun taho a jere, su tara, Unaisi a gaba, ta sa rigar coci. Mereoni na cikinsu da Sera a hannu. Ba su shigo ciki ba, suka zauna a ƙasa a bakin ƙofa kamar baƙi. Torika ta fito ta zauna a tabarma. Unaisi ta fito da saiwar yangona an naɗe ta da takarda, ta riƙe da hannu biyu. Da na ga haka na ajiye adda. In aka zo maka da saiwa ana roƙo, ka taɓa ta ka tafa, to ka ba da abin da aka roƙa. In ka ƙi taɓawa, ka yanke zumunci a gaban jama'a.

Unaisi ba ta ce gajeruwa ba. Ta ce, "Uwar Waisake. Mun zo ne da kunya. Kin san Fili ya mutu. Mun san al'ada, mun san abin da muke roƙo ba a roƙonsa, uwarki ce ta ba ki. Amma naki yana nesa, ruwansa daban, dalmar nan ba ta kai can ba. Ki nuna mana, ko mu samu na bakinmu. Ba za mu tumɓuke ba, yadda kika ce haka za mu yi." Sannan ta ƙara da cewa, "'Yata Litia cikinta wata shida, ungozoma ta ce ba ta da jini. Ko ba ki nuna mana ba, ki tsinko mata, kamar yadda kika yi wa Mereoni."

Ta ajiye saiwar a gaban Torika.

Torika ta dubi saiwar. Hannayenta na kan gwiwarta, ba ta ɗaga su ba. Har wata daga baya ta fara gyaran murya. Sannan ta yi magana, da muryar da take ce mini abinci ya sauka.

"Ba na Fili aka auna ba. Nawa aka auna."

Unaisi ta ce, "Me kika ce?"

"Ranar da yarinyar za ta tafi na juye nata na zuba nawa. Na ga nata bai yi kyau ba. Ledoji sha biyun nan duk daga wurina suka fito. Filinku ba wanda ya auna shi."

Na ce, "Ni na riƙe mata ledar." Ba wadda ta juyo ta dube ni.

Mereoni ce ta fara tashi. Ta gyara wa Sera zama a kafaɗa ta tafi gidansu, ta rufe ƙofa. Sauran suka shiga magana gaba ɗaya, ban riƙe ko ɗaya ba. Unaisi dai tana zaune.

"Wata biyar, Torika. Wata biyar ina zuwa nan da laka har cinya, kina ba ni shayi."

"E."

"Ina zagin 'yar mutane a kan tabarmarki, kina ji."

"E."

"Da ban zo roƙo ba fa?"

Torika ta ce, "Ban sani ba."

Unaisi ta ɗauki saiwarta, ta naɗe a hankali, ta tafi.

Washegari na sayi tamu saiwar, muka je gidan mai gari neman gafara. Ni na yi magana tunda namiji ke yi, Torika na bayana kanta a ƙasa. Ya bar mu a durƙushe lokaci mai tsawo kafin ya tafa. Malamin makaranta ya kira Anjila a waya. Da ta ji wuri ɗaya ne, kuma akwai mai nuna shi, ba ta jira izinin kowa ba, bayan mako uku ta zo da kularta. Ta shigo kicin ɗinmu ta tsaya.

"Inna, me ya sa?"

"Na ga bai yi kyau ba."

Anjila ta zauna a kan kular, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Can ta ce, "Da na sani da na kwana da ita a ƙarƙashin kaina." Ba wanda ya yi dariya.

Ranar da teku za ta fi janyewa muka fita a jirgin Waisake, ni ke riƙe da inji. Kafin mu tashi Torika ta je ƙofar Unaisi, wadda ba ta yi mata magana ba tun ranar, ta ce, "Zo ki gani. Shekara talatin kina so." Unaisi ta fito ta shiga jirgi ta zauna a can baki, ta juya mana baya.

Torika ke nunawa da hannu. Muka kewaya kurmi, muka bi ta wata 'yar hanya tsakanin murjani da ban san da ita ba, muka fito bayan tsibiri. Ta ce in kashe inji. Ruwa bai kai gwiwa ba. Lumi ne shimfiɗe ja wur, kauri kamar gashin kai, ban taɓa ganin irinsa a tsaye cikin ruwa ba. Unaisi ta ce, "Kai," a hankali, ba da kowa take ba.

A tsakiyar wurin wani guntun ƙarfe ya leƙo daga ruwa, tsawon kamu ɗaya, tsatsa ta cinye shi. Na dube shi, na dubi bakin mashigar, na dubi tsaunin da muke saiti da shi in za mu zo da batura. Ni ta teku nake zuwa a da, ban taɓa zuwa ta bayan kurmi ba.

Anjila ta sauka ta sunkuya, ta kama wani dutse mai kusurwa huɗu da lumi ya rufe, ta kankare shi da wuƙa. Ɓawon murjani ya fashe, baƙar roba ta fito. Ta ƙara kankarewa, sai ga kan batir, fari-fari, ya ruɓe. Ta kankare na kusa da shi, shi ma haka. Ta miƙe ta dubi wurin gaba ɗaya.

Ta ce, "Baba, ka san wa ya zuba waɗannan?"

Na ce, "Mu ne."

Na gaya mata fitilar, da kamfanin, da wata uku-uku. Tana rubutawa. Torika na tsaye cikin ruwa, zanenta ya jiƙe, tana saurare kamar labarin wasu mutane ake bayarwa.

Ta ce, "Nawa kuka zuba?"

Na ce, "Ban ƙirga ba. Nawa dai shekara tara ne. Akwai na waɗanda suka riga ni."

"Dalmar, irin wadda ka kai wa Baba ce?"

"Ita ce."

Ta gyaɗa kai. Ta sunkuya ta taɓa lumin da bayan hannu, ba ta tsinka ba. Sannan ta ce, "Ku shiga, ruwa na dawowa."

A wannan zuwan Anjila ta ɗebi na Fili ma, kuma ba ta rabu da kular ba har ta hau jirgi. Bayan wata ɗaya takarda ta zo, Fili lafiyarsa lau. Mata suka koma, amma sai da shekara ta zagayo kafin 'yan sarin Nausori su saki jiki. An turo jirgi ya kwashe baturan da suka ɗagu, waɗanda murjani ya riƙe aka bar su. Mai gari ya sa aka kafa sanda a wurin, aka ɗaura mata ganyen kwakwa, alamar an hana taɓa wurin. Mu in babban mutum ya rasu muke yin haka, a rufe ruwa kwana ɗari sannan a cire. Wannan ba a sa mata ranar cirewa ba.

Ma'aikaciyar asibiti ta zo ta ɗebi jininmu. A jinina da na Torika aka fi samun dalma, sai na Waisake da Mereoni. Na Sera aka ce a sa ido, a riƙa ba ta kifi da ganye. Yanzu tana aji uku. Karatu na yi mata wuya, takan daɗe a kan layi ɗaya. Ni ma haka nake ina yaro. Ba wanda ya iya ce mana daga nan ne ko ba daga nan ba ne, na tambayi Anjila ta ce ita ma ba za ta iya cewa ba. Mereoni ta ɗauki kusan shekara kafin ta sake barin yarinyar ta ci abinci a gidanmu. Da Sera ta shiga makaranta, kullum in ta dawo Torika kan zauna kusa da ita tana kallon yatsanta a kan littafi, ita da ba ta san baƙi ba.

Ba ta sake shiga ruwa ba, ko Fili. In mata sun dawo da kwanduna takan zauna a inuwa ta taya su tsince yashi da ƙananan dodon koɗi, ba ta ɗaukar ko ƙwara. Wata rana, bayan Litia ta haihu har yaron ya fara zama, Unaisi ta shigo ba sallama da kwano a rufe, ta dangwarar a gabanta.

"Gajeruwa, ga tarkacen."

Na Fili ne, an dafa da madarar kwakwa, bai kame sosai ba. Torika ta ɗauki cokali ta ci, ta ci har ta ga ƙasan kwanon. Ta ce, "Akwai yashi."

Unaisi ta ce, "Yashi dai."

Suka zauna har rana ta karkata.

Torika ta rasu bara, cikin damina, ciwon ƙirji na kwana shida. Likita bai ce yana da alaƙa da wancan ba, ni ma ban tambaya ba. Kwalekwalenta yana nan, na gyara shi. Ganyen kwakwar da ke kan sandar yakan bushe, iska ta ɗauke, kuma akwai 'yan matan da suka taso ba su san labarin ba, saboda haka duk bayan wata biyu ko uku, in teku ta janye, nakan bi ta bayan kurmi in ɗaura sabo. Tunda ba mai tsinka, lumin ya rufe duwatsun gaba ɗaya, ko kusurwa ɗaya ba a gani. Ya yi kyau ƙwarai. In na gama ɗauri nakan ɗan zauna, in ruwa ya fara dawowa in juya.